Kukan da Malam Labaran ya zaɓa wa Idi

Bayan katangar wani kamfanin fata a Challawa akwai ɗan kurmi da ya rage, kanya da tsamiya da ƙirya, inda ruwan jima bai kai ba tukuna. Nan Malam Labaran yake wuni. Yanar ido ta cinye ganinsa, sai kunne. Da shi yake gane tsuntsaye, su ragon maza in ya soma gurnaninsa kamar ana tsiyaye tulu, da cilakowa, da kanari, da wata suda guda da ta fi kowa labari a kan kanya.

Idi, mai gadin ƙofar kamfanin, shi ya shafa danƙo a reshen kanyar. Suda ta maƙale, ta yi ta fizga har fiffike ya cire. Da bakinsa ya ba tsohon labari, yana dariya.

"Baba, ko sayuwa ba ta yi ba. Kyanwa na jefa wa."

Malam Labaran ya karkata kunne ga kanyar, babu kukan suda.

Bayan kwanaki sai ga Idi da waya da ƴar lasifika. An gaya masa masu kamun tsuntsu yanzu naɗar kuka suke yi, su kunna kusa da tarko, tsuntsaye su taho da ƙafarsu.

"Baba, ku da kuka san yarensu, wanne ne kiran taro? In na samu, goronku na nan."

"Zauna," in ji tsohon. "Ba a yi wa farauta gaggawa."

Suka zauna har rana ta take. Can shaho ya gilma ta sama. Idi bai ɗaga kai ba, waya yake dubawa. Ƙananan tsuntsaye suka saki wani siririn kuka mai kaifi, daga wannan itace zuwa wancan, kukan da ke cewa kowa ya ɓuya.

"Yanzu. Danna."

Idi ya danna, baki har kunne.

Washegari ya shafa danƙo, ya kafa keji, ya kunna. Ko bainu bai sauka ba. Ya ce ƙarar ce ta yi kaɗan, ya ƙure lasifika. Kullum haka, daga safiya har la'asar, kurmi yana jin shaho ya zo, shaho ya zo. Kanari ya fara tashi. Cilakowa ta bi. Ragon maza, duk da ragwancinsa, ya ƙetare kogi. Kafin damina ta sauka babu ko kurciya.

Wani mai sayar da tsuntsu ne ya saurari wayar ya fashe da dariya, ya gaya wa Idi abin da ya naɗa. Idi ya zo wurin tsohon yana huci.

"Baba, kun cuce ni!"

"Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Je ka shafa wa katanga danƙonka."

Kulu, matar Malam Labaran, da ta kawo masa fura, ta ajiye ƙwarya da ƙarfi.

"To Malam, kun kore su. Ku kuma me za ku saurara?"

"Gara su yi kuka a hayin kogi ban ji ba, da su yi a kejinsa."

Har yau yana zuwa ya zauna gindin kanyar. Babu abin ji sai injin kamfani. Amma in Idi ya wuce yana tsaki, tsohon yakan karkata kunne, ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai.