Sunan da Ke Hancin Jirgin Wendell

Dakta Curtis Hovland irin mutumin nan ne da ko uwarsa ta ce ita ta haife shi, sai ya nemi shaida. Shi ke kula da tarihi a ɗan gidan adana jiragen yaƙi na garinsu a Nebraska. Tsohon jirgin da suka daɗe suna lallaɓawa ya kammala, saura sunan da matuƙi kan rubuta a hancinsa.

Matuƙin na nan da ransa. Kyaftin Wendell Prochaska ya haura tamanin, kuma babu taron tsofaffin sojojin da bai ba da labarin ba: sunan budurwarsa Arlene ya rubuta, sunan ya raka shi sararin Jamus ya dawo da shi, ya aure ta. Jiragen da ya harbo kuwa, duk shekara sai sun haihu.

Sai ga hoto daga ma'ajiyar soja. Wendell ne yana saurayi, ya dafa hancin jirgi yana washe baki. Rubutu ɓaro-ɓaro: Maxine.

Daɗi ya kashe Curtis. Ya ɗauki hoton har gidansu kamar mai kai albishir.

"Kyaftin, ka fi ni sanin al'adar. Sunan da ke gefen dama na makanike ne, na hagu na matuƙi. Wannan hagu ne."

Tsohon ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo. "Ni ne kam. Dubi gashi. To wace ce Maxine?"

Curtis ya zuba masa ido yana neman alamar ƙarya. Babu. Da gaske yake tambaya.

"Soja ne da shirmensu, yaro," in ji tsohon. "Mutanen da suka taɓa ba ni takalma duk na ƙafar hagu."

Arlene ce ta rako Curtis bakin mota.

"Dakta, me za ka rubuta?"

"Abin da hoto ya nuna, Misis Prochaska. Ba a yi wa tarihi kwalliya."

"Sannu da aiki, mai gadin tarihi. Maxine ɗin nan tikiti take sayarwa a silima a Omaha. Yana can ana harbinsa, ta auri dillalin motoci. Ni na tsince shi, ko abinci ba ya ci. Ban taɓa cewa ya ambaci sunana ba. Wata rana a taro ya buɗe baki sunana ya fito, kuma ya yarda da abinsa."

Kunya ta kama Curtis, abin da bai saba da shi ba. Ya hau laluben makulli.

"Na tsufa ina jiran ya manta da matar nan," in ji ta. "Yanzu da Allah ya yanke mini wahala, za ka maido masa da ita da jan fenti. To, rubuta gaskiyarka. Ranar buɗewa ni zan turo shi a kekensa na guragu har gaban jirgin. Kuma har yanzu yana iya karatu."