Kwalba ta Goma Sha Bakwai

Shekara shida da suka wuce, ina karatun digiri na biyu, ɗakin bincikenmu ya nemi jinin tsofaffi masu lafiya don a kwatanta shi da na masu cutar mantuwa. Muna auna wasu ƙananan ƙwayoyi ne a jini, microRNA, waɗanda ake zaton yawansu kan sauya tun kafin ƙwaƙwalwa ta fara zubar da ajiyarta. Saura mutum ɗaya adadin ya cika, ni kuma kunya ba ta barina in roƙi baƙo. Sai na kawo Baba.

Ya naɗe hannun riga yana tsokanar mai ɗibar jinin. "A hankali, 'yata. Jinin mai gyaran agogo ne, ko sakan ba ya latti."

Aka liƙa wa kwalbarsa lamba goma sha bakwai, aka sa ta a sahun lafiyayyu.

Da sakamako ya fito, nasa ya bi na marasa lafiya. Farfesa, shugabar ɗakin bincikenmu, ta dube ni ta saman tabarau.

"Wannan fa? Hannunki ne ya yi rawa wajen awo, ko mutumin ne?"

Ba ta san mahaifina ba ne. Na tuna yadda yake gane agogon kowa a shago ba tare da ya rubuta suna ba.

"Hannuna ne," na ce.

Ta soke sakamakon da jan biro. A aikinmu, awon da hannu ya ɓata ba a sake waiwayarsa.

Na san awo ɗaya ba hukunci ba ne, kuma cutar ba ta warkewa. Amma da na buɗe baki, da an sake gwadawa. Da ban tafi aiki wani gari na shekara huɗu ina cewa "sai hutu" ba.

Yanzu da cutar ta kama Baba, Inna ta dawo masa da teburin aikinsa falo. Jiya da hantsi na same shi da gilashin ido ɗaya na masu gyaran agogo, yana juya sukurun da ya rasa mazauninsa.

"Baiwar Allah, gyara kika kawo?"

Na miƙa masa agogona, lafiyarsa ƙalau. Sukurun ya suɓuce, na ɗauko da hantsaki na sa masa a tafin hannu. Ya riƙe wuyan hannuna yana dubawa.

"Kai, hannunki ba ya rawa ko kaɗan," ya ce. "'Yar wane ne ke?"