Waƙa Mai Giɓi

“Ta yi?” in ji Angku Darwis, tun Rosmaini ba ta ajiye kwanon kunun shinkafar ba.

“Ba ta yi ba,” ta ce da ƙarfi, bakinta kusa da kunnensa. “Tashi ka sha tun da zafinsa. Mutum bai tambayi yadda maƙwabciyarsa ta kwana ba, sai biri.”

“Ke ai na ga kin kwana. Ga bakinki nan yana aiki.”

Wata biyu ke nan suna wannan gaisuwa, tun da ciwon ƙirji ya kwantar da tsohon, ya kuma haɗa da toshe masa kunne. Ɗakinsa na katako yana jingine da shingen gidan Rosmaini. Ya gina shi ne bayan rasuwar matarsa, da ya tattara kayansa ya bar wa danginta gidansu kamar yadda kowane namiji yake yi a ƙabilarsu ta Minang, inda gida na dangin mace ne. 'Ya'ya suna can Jakarta, sai waya. Saboda haka abincinsa ya dawo wuyan Rosmaini, wadda ta ba sittin baya, mai shanyar ɓawon kirfa da faɗan da ba ya kai zuci.

Wadda yake tambaya kuwa Limau ce, macen ungko, irin birin nan mara wutsiya mai dogayen hannuwa da ke lilo a ƙololuwar itatuwa. Tana can kan tudun bayan gari, a gidan renon da ake koya wa irinta komawa daji. Kowace safiya, in hasken rana ya taɓa ganye, sai kejunan su ɗauki waƙa, miji da mata suna amsa wa juna har sautin ya sauko gonakin shinkafa. Limau kaɗai ce shiru, shekara uku cur.

Rosmaini ba za ta taɓa kuskuren muryar ba, don shekara tara ta yi tana tsine mata. A bayan tsohon gidan su Angku Darwis aka reni Limau, gida uku tsakaninsu. Kowa a garin ya san yadda ake samun jaririn ungko: sai an harbo uwar daga sama, a ɓamɓare shi daga ƙirjinta. Angku Darwis ne ya yi harbin da hannunsa, da niyyar kai Limau birni ya sayar, matarsa ta ga idanun 'yar jaririyar ta ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba inda za ta. Ya jingine bindigar tun ranar. Da sassafe yakan tsaya gaban kejin da kofinsa ya yi mata fito, ita kuma ta ɗauka ta yi sama da shi. Yana da giɓi a haƙoran gaba, fiton nasa yana yankewa daidai inda ya fi tsayi. Haka waƙarta ta fito: ta hau, ta hau, ta tsinke kamar an ɗauke numfashi, sannan ta gangaro. Mutanen gari suka ce biri ya gaji giɓin ubangidansa.

A lokacin Rosmaini takan leƙo ta taga ta ce a bar mutane su yi barcin safe. Yanzu da take tuna waɗancan safiyoyi, da hayaƙin murhun marigayiyar, da tsohon yana dariya da giɓinsa a waje, sai kewa ta kama ta. Ashe abin da take zagi shi ne daɗin unguwar.

Da aka buɗe gidan renon, shi da kansa ya ɗauki kejin ya hau tudu da shi. Suka ba shi aikin kai 'ya'yan itace. Aka haɗa Limau da wani namiji mai suna Rimbo, suka saba har suna yi wa juna susa, amma in Rimbo ya fara waƙa sai ta juya masa baya tana leƙen hanyar da tsohon ke ɓullowa. Dakta Yusnidar, likitar dabbobin wurin, ta zaunar da shi ta gaya masa gaskiya. Ma'auratan da ba sa waƙa tare ba za a sake su ba, don da waƙar suke shaida wa sauran daji cewa nan yankinsu ne. Muddin tana jiran fitonsa, a keji za ta mutu. Washegari ya miƙa kwandonsa, bai ƙara hawa tudun ba, bai kuma ƙara yin fito ba ko a wanka. Limau ta yi fushi, ta rufe baki.

Wata ranar Laraba Dakta Yusnidar ta sauko dubiya da ayaba nono guda. Ta faɗa wa Rosmaini a tsakar gida cewa in damina ta ja baya za a kai rukunin ƙarshe dajin da aka ware. Limau ta fara manyanta, in ta rasa wannan karon da wuya a sake sa ta a lissafi. Sai ta dubi ƙofar ɗakin tsohon ta rage murya, ta ce ta san ita ta kafa dokar raba shi da Limau, amma in yana so, za ta sa maza huɗu su ɗauke shi a kujera ya je ya gan ta sau ɗaya.

Rosmaini ta shiga da murnarta ta zuba masa saƙon a kunne. Ya girgiza kai.

“A'a.”

“A'a kamar yaya, Angku? Kullum ka dame ni da ta yi, ta yi. Je ka yi mata fiton nan naka sau ɗaya tak, wallahi sai ta tashi garin nan.”

“Za ta yi mana. Ni za ta amsa wa, ba mijinta ba.” Ya yi tari ya huta. “Na raba ta da uwarta, Ros. Ba zan raba ta da daji ba don in ji daɗin kwana biyu.”

Ta fito tana mita, tana cewa taurin kai irin na tsohon nan ko ɓauna albarka. A bayan madafa ta tsaya ta share ido da bakin mayafi.

Daga nan jiki ya yi ta ja da baya. Kunun da yake shanyewa ya koma cokali uku, sannan ɗaya. Limamin ƙaramin masallacin unguwa yakan zo ya yi masa karatu. An kira 'ya'yan, sun ce suna hanya. Amma tambayar nan ba ta fasa ba, ko da ta koma motsin leɓe kawai, Rosmaini kuma ba ta fasa ba shi amsar da ta sani ba.

Ranar Lahadi aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ta tsallako shinge da kwano a ƙarƙashin mayafi, ta same shi idanu sun faɗa, numfashi yana fita da ƙyar. Ta ga abin da duk mai shekarunta zai gane. Leɓensa ya motsa. Rosmaini, wadda a kasuwa ma ba ta iya yi wa kirfarta ƙarin gishiri, ta sunkuya ta ce, “Ta yi, Angku. Yau ta yi. Ita da Rimbo, har da giɓin nan naka.”

Ya dube ta. A hankali ya ɗago hannu ya kama bakin mayafinta, ya matse shi, ruwa ya ɗigo a kan tabarma.

“Ros,” ya ce, murmushi yana neman fitowa. “Shekara nawa kina zaune gindin tudun nan? Ungko ba ya waƙa ana ruwa.”

Kunya da kuka suka taso mata tare. Ta ce ya yafe mata. Ya ce ba komai, ƙarya ce mai daɗi, sai dai ba ta iya ba. Sannan ya ƙara riƙe mayafin ya ce in ta yi da gaske, ko yana nan ko ba ya nan, ta tsaya ta saurara har ƙarshe, kar ta ce a bar mutane su yi barci.

Ya cika bayan azahar, ruwan bai ɗauke ba. Washegari da 'ya'yan suka iso aka kai shi makwancinsa a gefen gonar kirfa, ƙasa tana manne wa mutane a ƙafa. Dakta Yusnidar ta zo da ma'aikatanta, suka zauna cikin masu karɓar gaisuwa kamar dangi. Bayan addu'ar bakwai 'ya'yan suka sa wa ɗakin kwaɗo suka koma.

Kwana goma sha ɗaya da rasuwar, gari ya waye tangaran. Rosmaini tana shimfiɗa ɓawon kirfa a rana, kejunan tudu suka fara kamar kullum, ba ta ko ɗaga kai ba. Can wata murya ta ratso ta cikinsu, a dishe da farko, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Ta hau, ta hau, ta tsinke, ta gangaro. Kafin ta kai ƙasa muryar namiji ta tare ta.

Rosmaini ta saki tabarmar. Ba ta san lokacin da ta tsallake shinge ba, ba takalmi, har ta ɗaga hannu za ta buga tagar katakon, bakinta a buɗe da labari. Sai ta ga kwaɗon.

Ta sauke hannun. Ta zauna a kan dakalin da yake shan kofi, ta jingina bayanta da bangon ɗakin. A can sama Limau ta sake ɗaukowa daga farko, Rosmaini kuma ta naɗe hannuwa a cinya tana saurare.