Goron Mutumin Cikin Kaset

Hauwa ba ta da hoton mahaifiyarta. Mahaifiyar, mai suna Tambaya, ta rasu tun Hauwa ba ta isa ɗaukar tulu ba, a lokacin kuwa mai ɗaukar hoto bai san hanyar Rawayya ba. Abin da ya rage mata na uwa waƙa ce guda ɗaya, wadda mahaifinta, Arzika mai molo, ya yi wa matarsa tun tana amarya. A cikin waƙar Hauwa ta san uwarta doguwa ce, mai wushirya, kuma da hagu take tuƙa tuwo. Sai dai rabin waƙar ne kawai a bakin Arzika. Haka ya gina ta: shi zai ɗauko magana ya kai ta tsakiya ya saki, Labbo mai yi masa amshi ya cafe ya ƙarasa.

Labbo mutumin 'Yankuzo ne ta ƙasar Tsafe. Shi da Arzika sun tsufa tare a kan hanya, daga gayyar noma zuwa biki, daga biki zuwa suna, suna faɗa kan hanya suna shiryawa kan akushi. Shekarar da aka ba Zamfara jiha, mutane na ta murna a Gusau, Labbo ya kwanta ciwon kwana kaɗan ya cika. Da Arzika ya dawo daga ta'aziyya sai ya sassauta tsirkiyoyin molonsa, ya rataye shi fuskarsa na kallon bango. Duk wanda ya roƙe shi kiɗa amsa ɗaya yake samu, wai mai magana ba mai amsa masa sunansa mahaukaci, shi kuwa bai haukace ba tukuna.

Hauwa tana aure a Sabon Garin Gusau. Ta sayi 'yar rakoda da sabon kaset, duk zuwan da za ta yi Rawayya suna cikin jakarta. Ta yi lallashi, ta yi fushi, ta turo baffanni, tsohon nan ko gezau. Arzika irin mutanen nan ne da in sun ce a'a, ko su da kansu ba su iya janyewa. Abin da ya fi ci mata rai shi ne waƙar ta fara zube mata. In tana wanke-wanke ta ɗauko baitin mahaifinta, sai ta kai inda Labbo ke shiga ta tarar da wurin wayam. Tsoro take ji ƙwarai, kada wata rana ta nemi uwarta a ka ta rasa.

Ana cikin haka, bayan damina biyu, aka yi wa ɗan Labbo haihuwa, aka aiko wa Arzika goron suna, aka ce sunan marigayin za a mayar. Mijin Hauwa, Jatau, direban Fijo ne mai jigilar Gusau zuwa Funtuwa, shi ya ajiye lodin ranar don ya kai surukinsa. Da suka je ɗaukarsa Rawayya sai ga tsoho ya fito da wani abu dogo naɗe cikin buhu. Hauwa ta gane shi tun kafin ta tambaya. Ya ce ɗakin Labbo zai kai shi ya rataye, can ya dace da shi, ya gaji da kwana da abin da ke kallon bango. Ya sa aka jefa shi bayan mota tare da taya da jarkar ruwa. Hauwa ta shiga baya ta zauna, ta ja gyale ta rufe rabin fuska. Ta san in molon nan ya kwana 'Yankuzo, ita da waƙar sai dai a lahira.

Jatau mutum ne mai surutu a tasha, amma gaban suruki sai ka ce an ɗinke masa baki. Suka wuce Bunguɗu, suka ratsa Gusau, ba mai tari. Motar ce ta gaji da shirun. Rediyonta na da wata waya mai ra'ayin kanta, in an faɗa rami takan haɗe. Suna hango dutsen Kwatarkwashi taya ta faɗa wani rami, sai ga kiɗan jita daga kaset ɗin da ke cikin rediyon ya cika motar, da muryar wani namiji, a dushe, yana waƙa da Turancin da ko Jatau ba ya tsintar komai a ciki. Kunya ta kama Jatau, ya kai hannu da sauri zai kashe.

"Bar shi," in ji Arzika.

Jita ce guda ɗaya, ba ganga, ba kowa. Mutumin zai ja magana ya sake ta, sai tsirkiya ta yi wani lanƙwasa kamar mai shirin kuka, sannan ya maimaita maganar, tsirkiyar ta sake biyo shi. A ƙasa kuma wata tsirkiya mai kauri na ta bugawa ba ta fasawa. Hauwa ta ga babban yatsan mahaifinta ya fara motsi a kan gwiwarsa, yana faɗawa daidai inda mai kaurin ke faɗawa.

Arzika ya tambayi ko wane ne. Jatau ya ce shi ma bai san sunansa ba. Wani malamin kwaleji da yake yawan ɗauka ne ya ba shi kaset ɗin, ya ce kiɗan baƙaƙen Amurka ne, buluz suke ce masa, jikokin bayin da aka kwasa daga ƙasashenmu aka haye teku da su. Malamin ya ce wai akwai masu cewa hannun kiɗan daga wajenmu ya tafi. Arzika ya ce wannan ba sai malamin kwaleji ya faɗa masa ba, babban yatsa ba ya ƙarya. Ya ƙara kasa kunne, har waƙar ta kusa ƙarewa, sannan ya juyo.

"Ina 'yan amshinai?"

"Ba shi da su, Baba. Shi kaɗai ne."

"Sun mutu?"

Jatau ya ce bai sani ba, ga alama haka suke yin abinsu. Tsohon ya girgiza kai a hankali.

"Wanga mutum an raba shi da mai amsa mashi. Ji inda ya ka barin wuri. Wurin mutum na. Da bai samu mutum ba, sai yas sa itace da tsirkiya su amsa." Sannan ya ƙara da cewa, "Kuma bai haukace ba."

Aka mayar da waƙar farko, aka sake mayarwa. A karo na uku ya ce a tsaya. Jatau ya gangara gindin wata ɗorawa a bakin gonar dawa. Arzika ya sa aka fito da buhun, ya warware. Fatar molon ta saki don daɗewa, sai ya kifa shi a kan bonet mai zafi, ya tsaya yana taɓawa har ta ɗaure. Ya zauna a kan tushen ɗorawar, ya dinga jan zoben fatar da ke riƙe da kowace tsirkiya a wuyan molon, yana bugawa yana saurare, yana tsaki, yana zagin yatsunsa da suka yi nauyi. Hauwa ta tsuguna nesa kaɗan da rakoda a cinya, tana tsoron ko numfashi mai ƙarfi ya sa ya fasa.

Bai kalle ta ba ya ɗauko waƙar.

"Mai wushirya ta tahi rijiya..."

Ya saki. Wurin Labbo ya buɗe, ba kowa. Sai yatsunsa suka shiga wurin, molon ya hau inda muryar Labbo ke hawa, ya sauka inda take sauka, gaɓa bayan gaɓa. Hauwa ta ji maganar sarai kamar an raɗa mata a kunne. Ba ta san lokacin da bakinta ya buɗe ba.

"...ta bar dariya bakin ƙofa."

Tsohon bai tsaya ba. Ya ɗauko baiti na gaba, molo ya amsa, Hauwa ta bi molo. Wani wurin ta sani, wani wurin sai tsirkiya ta maimaita mata sau biyu kafin ya dawo. Haka suka bi waƙar har ƙarshe, da hagun tuƙa tuwon, da wani baiti da ta manta sam akwai shi, inda Tambaya ke goyon jaririya tana yi mata rawa a tsakar gida. Hawaye na zuba tana amshi, ba ta share ba. Jatau ya koma bayan mota ya duƙufa duba tayar da ba abin da ya same ta.

Da aka gama ne Hauwa ta duba cinyarta ta ga ba ta danna rakodar ba. Ta ce inna lillahi, ta kama kai. Arzika ya yi dariya, irin wadda rabon a ji ta tun Labbo na da rai.

"Mi a na kuka, ɗiyata? Ki taho Rawayya ran Juma'a da abin naki. Sai dai ki gyara baiti na ukku, kin ci rabinai."

A 'Yankuzo an sha suna, an yi wa Labbo addu'a, Arzika ya ɗauki jaririn ya daɗe yana kallonsa. Buhun kuwa bai ko shiga gidan ba. Da aka ba shi goronsa na suna, sai ya zaɓi fari babba guda ɗaya ya ƙulle a bakin rawani.

Sai da suka shiga mota za su kama hanyar dawowa ya kwance shi ya miƙa wa Jatau. A wajensu, makaɗin da ya nuna maka hannu ba a barinsa haka, ko yaron cikinka ne sai ka ba shi goro. Ya ce a ba malamin kwaleji, shi ya ba wanda ya ba shi kaset, hannu da hannu har ya isa ga mai jitar. Jatau ya buɗe baki zai ce Amurka ba Funtuwa ba ce, mutumin ma wataƙila ya daɗe a ƙasa. Suka haɗa ido da Hauwa ta madubi, sai ya karɓa da hannu biyu.

"A ce mashi Arzika na Rawayya ya gode," in ji tsohon. "In yana da rai, Allah shi ba shi mai amsa mashi."

Hauwa ta ce amin, har cikin ranta, ga mutumin da ba ta san sunansa ba. Molon na kan cinyar mahaifinta a gidan gaba, ya hana a mayar da shi bayan mota, wai ramukan hanya za su sassauta masa tsirkiya.