Sawun Hannun Bahago

Ranar da idanun Bahago suka gama rufewa, ya yi rantsuwa guda a gaban matarsa Tabawa, Allah ya jiƙanta: ba mahaluƙin da zai ja masa gora a cikin gidansa. A waje ya yarda, don Agadez ta cika da masu moto waɗanda ba su san babba ba. Amma a gidan da ya yi dukanci tun gemunsa na baƙi, gidan da siraden raƙuma suka fita daga cikinsa har Ingall da Timia? Haba! Gara ya kwana da ƙishi da ya ce wa wani kama hannuna.

Kuma ya cika. Dabararsa ba ta da wani asiri. Daga ƙofar ɗakinsa yake ɗora hannun hagu a bangon babban ɗaki, ya bi shi. Bangon ƙasa ne, da tudunsa da kwarinsa. Akwai wani ƙullutu kusa da alkuki, nan ake karkata. Gaba kaɗan akwai tsaga, daga ita sai ƙofar tsakar gida, sai buta. Shekara da shekaru yana shafa wurin har ya yi santsi, wani baƙin layi mai maiƙo ya kwanta a bangon daidai ƙugun mutum. Tabawa ta rasu, layin ya ci gaba da kai shi alwala yana dawo da shi.

Sai Allah ya kawo Munira, autarsa, daga Yamai. Ta gama karatu, ta samu aiki a wani proje, irin ayyukan ƙungiyoyin nan, a nan garin, ta dawo da salula cike da hotunan gidajen mutanen da ba ta taɓa gaisawa da su ba. Yarinyar kirki ce, kada a ɗauki alhakinta. Tana son ubanta. Sai dai irin son nan ne da ba ya tambaya.

"Baba, gidan nan ba shi da âme," in ji ta.

"Ba shi da me?"

"Rai, Baba. Gida sai ya ba da labarin masu shi. In baƙo ya shigo, ya kalli bango ya san ko mu su wane ne."

"To, madalla," in ji Bahago. "Mu a zamaninmu baƙo tambaya yake yi."

Ba ta ji ba, ko ta ji ta bar shi a matsayin raha irin ta tsofaffi. Ta lallashe shi ya je Ingall wurin ƙanwarsa ya sha iska, wai ƙurar aiki ba ta da kyau ga ƙirjinsa. Shi kuwa ya ɗauka yaɓe za a yi irin wanda ake yi kafin damina. Kafin ya shiga mota ya ce mata abu ɗaya: a yi a hankali da bangon hagu. Ta ce, "Baba, bangon hagu ai shi ne abin da na fi ji da shi." Hankalinsa ya kwanta. Ka ji inda tsoho ya yi wauta.

Ranar da ya dawo ita ce ranar da ta gayyato abokan aikinta cin abincin rana, su ga gida. Tun daga zaure hancinsa ya gaya masa an yi ɓarna, don warin fata da bagaruwa da ya saba tarbarsa ya tafi, wani ƙamshi kamar na kantin magani ya maye wurin. Munira ta tarbe shi da murna, ta tura shi da surutu har ya ji ya nutse cikin wani abu mai laushi.

"Kanape ne, Baba."

"Sannunsa. Yana sakin mutum kuwa in ya kama?"

Baƙi suka yi dariya. Shugabarta a wurin aiki, Madam Nana Aisha, ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta miƙe ta shiga yabo. Da bakinta Bahago ya ga gidansa. Ashe an shafe bango da siminti an yi masa fari fat. An toshe alkuki. An shimfiɗa karo, wato tayil, a ƙasa, an rataya labulen da suke ce wa rido har ƙasa. Basillarsa da wuƙar dukancinsa, waɗanda ko Tabawa ba ta isa ta taɓa ba, an buga su a bango an jera kamar haƙoran mataji. Tsohon sirdin da bai ƙarasa ba an ɗora masa tukunyar fure.

"C'est magnifique," in ji Madam. "Baba, gidan nan duk kai ne. Ko'ina mutum ya duba, kai yake gani."

"Alhamdu lillahi," in ji Bahago. "Ashe ina nan."

Aka ci, aka sha shayi, aka ɓare lemun Timia. Bahago na murmushi, amma mararsa ta cika, don shayi ba ya zama inda aka zuba shi, kuma rana tana tafiya. Can aka kira la'asar daga hasumiya. Ya yunƙura, kanape ya riƙe shi, ya sake yunƙurawa ya miƙe. Munira ta taso.

"Zauna da baƙinki," ya ce. "Gidana ne."

Ya miƙa hannun hagu. Inda bango ya kamata ya kasance, gwiwarsa ta ci karo da wani kanapen. Ya kewaye shi, silifa na zamewa a kan karo, ya taɓa rido, ya yi zaton ƙofa ce, ya ɗaga, sai taga. Hira ta fara mutuwa a bayansa. Ya ji shirun nan na mutanen kirki da suke kallo suna yin kamar ba sa kallo, kuma wallahi gara zagi da shi. Kunya ta kama shi, irin wadda bai ji ba ko ranar da likita ya ce idon ya tafi.

Daga ƙarshe tafinsa ya sami bango. Sumul. Ba ƙullutu, ba tsaga, ba komai, kamar ya dafa bangon gidan wani. Ya bi shi a haka, bai san gabas yake yi ko yamma ba, har yatsunsa suka bugi wani katako mai kusurwa, da sanyin madubi a tsakiya.

"Yauwa, Baba, ka same shi da kanka!" Muryar Munira ta zo da ɗoki. "Shi ne kadon, kyautar da na ɓoye maka. Kafin a shafe bangon na ɗauki hoton layin nan na hannunka. Na sa an wanke shi babba, aka sa a madubi. Shi ne zuciyar salon ɗin, falon nan gaba ɗaya. Yanzu ba zai taɓa gogewa ba."

"Madam ma ta yi ƙwalla da ta gan shi," in ji wani baƙo.

Bahago ya shafa madubin daga wannan gefe zuwa wancan, a hankali, yadda yake shafa fata in zai saya. Garin neman gira an rasa ido, in ji masu magana, sai dai shi idon ya daɗe da tafiya, abin da ya rage masa aka ɗauka aka rataye.

"Ya yi kyau?" ya tambaya.

"Sosai, Baba."

"To, ina yake kaiwa?"

Ya ji numfashin Munira ya tsaya, ya ji lokacin da abin ya faɗo mata, don ƙaramin sauti ya fita daga maƙogwaronta irin wanda take yi tana yarinya in ta fasa ƙwarya. A masallaci an fara tayar da salla. Bahago ya tsaya da rantsuwarsa a baki, ya juya ta, ya juya ta, sannan ya haɗiye.

"Munira," ya ce. "Zo ki kama hannuna."

Ta zo da gudu tana sheshsheƙa, ta cafki hannun da ke kan madubin. Ya zare shi, ya miƙa mata na dama.

"Ba wannan ba. Wannan yana da aiki."

Ya ɗora na hagun a farin bangon, daidai ƙugu, ya danna sosai, suka fara tafiya.