Lambun Bayan Ɗakin Inna Baiwa

Ruwa ya ɗauke a Kademi. An yanke dawa, an cire gyaɗa, harawa ta hau rufin ɗakuna. A irin wannan lokaci duk abin da aka shuka a cikin gida yakan sunkuya ya bushe, haka Allah ya tsara. Amma ban da lambun Zuhra.

Zuhra matar Muzammil ce, ɗan ƙanena da na riƙa. Daga Ajingi aka kawo ta, yarinya mai hannun shuka. Farkon damina, muna gona, ta zaga bayan kangon ɗakin Inna Baiwa ta ga fili. Ta share, ta kwashe wasu tsofaffin tukwane da ta tarar a kife ta zubar a juji, ta shuka yakuwa da barkono da kabewa. Yaran yanzu ba sa tambaya. Shi kuwa mijin, ko ta tambaye shi bai sani ba.

Inna Baiwa matar wan mahaifina ce, ta rasu tuntuni. Ta yi ta haihuwa, 'ya'yan ba sa kai ranar suna. A zamaninsu irin wannan jariri ba a kai shi maƙabarta. Bayan ɗakin uwarsa ake binne shi, a kifa tukunya a kai don kada a taka.

Ni ba na shiga sashen suruka, don haka ban ga abin da aka yi ba sai wata la'asar da akuyata ta tsinke na bi ta. Tana kaiwa bakin lambun ta turje, ta juya da gudu.

Zoɓo ya yi ja wur a kowane reshe, kamar an yi yanka a kansa. Barkono ya nuna, amma ganyensa kore shar. Kabewa kuwa, da ta maƙwabta ta daɗe da zama igiya, ita fure take yi, rawaya fal, ko ƙudan zuma ɗaya babu a kai. A tsakiya Zuhra na zaune a ƙasa da tsohon cikinta, tana jijjiga gwiwa kamar mai rarrashi.

Ba ta durƙusa ba, ba ta gaishe ni ba. Yarinyar da ko inuwata ta gani sai ta rufe fuska.

Na ce, "Ke, wa ya ba ki wannan wuri?"

Ta ce, "Baffa, yi a hankali. Yanzu suka yi shiru."

"Su wa?"

"In na makara ban ba su ruwa ba, sai su yi ta kuka. Kai ba ka ji?"

Na kira Muzammil zaure. Na ce, "Matarka ta rame ta zama sai ido, kai kana ina?"

Ya yi dariya. "Baffa, ai laulayi ne. Zoɓon nan kaɗai take iya sha. Lambun ma ya fi ni farin jini a wajenta."

"Rufe min baki, sakarai!" Na gaya masa abin da ke ƙarƙashin lambun, dariyar ta ɗauke. Na ce, "Wurin nan ya cinye wa mace ɗaya 'ya'yanta kaf, ba zan zuba ido a kan cikin nan ba. Lokacin goyon ciki ya yi. Gobe ka kai ta gidan iyayenta ta haihu a can."

Da hantsi mai adaidaita ya tsaya a ƙofar gida, aka sa kayanta, aka nemi Zuhra aka rasa. Can muka same ta, ta riƙe darnin lambun da hannu biyu. Muzammil ya yi lallashi, ya ja, ko motsi. Na ce a kawo min adda, yanzu zan sare lambun kowa ya huta.

Ta dube ni ido cikin ido ta ce, "In ka sare, nawa ma ba zai kai suna ba."

Ba muryar faɗa ba ce. Kamar mai faɗin an kira salla ta faɗe shi. Ni dai ban taɓa barin ƙaramar yarinya ta gindaya min sharaɗi ba, amma na dubi cikin nan, na mayar da addar.

"To me kike so?"

"Wa zai riƙa ba su ruwa?"

Na dubi lambun. Sannan na ce, "Na ɗauka. Kullum da la'asar."

Ta saki darnin, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta durƙusa ta ce, "Baffa, ina kwana," kamar yanzu ta gan ni.

Na kira liman aka yi wa waɗanda ke kwance addu'a. Ban taɓa ko ganye ɗaya ba. Zuhra ta sauka lafiya a Ajingi, aka sami mace, aka raɗa mata Naja'atu. Muna dawowa daga sunan na zaga baya, na tarar lambun ya bushe ƙurmus, zoɓon ya yi baƙi, alhali jiya na ba shi ruwa.

Muzammil ya kama haya a Ajingi, ban hana shi ba. Naja'atu yanzu har tana tafiya. Ni kuwa alkawari na ɗauka, ban kuma yanka masa rana ba. Kullum da la'asar nakan cika buta in zuba a busasshiyar ƙasar. Ban taɓa jin komai ba. Ban kuma taɓa makara ba, balle in ji.