Makin Jemimah a Shagon Aski

Ishaku mai aski na Mahuta bai iya riƙe labari mai daɗi a ciki ba. Ranar Juma'a sakamakon JAMB na 'yarsa Jemimah ya fito, maki ɗari biyu da sittin da takwas. Kafin ya buɗe shago da safiyar Asabar, mai ƙosai ta sani, mai cajin waya ya sani, har direban Keke da ya kawo shi ya sha labari.

Yarinyar kuwa ta kafe a kan abu ɗaya, karatun haɗa magunguna a jami'ar Zariya. Ishaku bai san ko makin ya isa ba. Shi iyakarsa aji uku na sakandare a Pankshin, daga nan ya zo Kaduna ya kama almakashi. Don haka duk wanda ya zauna a kujerarsa ranar, sai ya ɗaura masa ƙyalle a wuya, ya ɗaura masa tambaya.

Oga Wilfred ne a kujera da hantsi, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya, wanda ba a taɓa yi masa tambaya ya ce bai sani ba.

"Ɗari biyu da sittin da takwas?" in ji shi. "Baban Jemimah, je ka sayi akwati kawai. Ai da wannan maki shugaban jami'a da kansa zai fito tarbarta."

Tanko, wani mai sayar da taya a Gonin Gora da ke jiran layi a benci, ya yi tsaki. "Oga, wane zamani kake? Ɗan yayata ya ci fiye da haka, shekararsa biyu a gida yana kiwon kaji. In ba ka san wani ba, ka manta."

Wannan ya kai Ishaku sama, wannan ya dawo da shi ƙasa, ga inji yana kuka a hannunsa. Jemimah, wadda ta kawo wa ubanta abinci, ta tsaya bakin ƙofa da kula a hannu, tana jin ana cinikin rayuwarta kamar doya a kasuwar Sabo.

Ana cikin haka Malama Irene ta shigo. Malamar kimiyya ce a wata sakandare a Unguwar Boro, kuma tun da ta gaji da kitso ta koma aski irin na maza, Ishaku ne ke yi mata. Ta saurari musun na ɗan lokaci, sannan ta juya ga wadda ba wanda ya tambaya.

"Ke ce mai makin? Zo nan. WAEC ɗinki, zama ɗaya kika ci duka?"

"Zama ɗaya, Anti."

"Kimiyya da lissafi fa?"

Jemimah ta faɗa mata. Malama ta gyaɗa kai, ta tambayi jihar da ta rubuta a matsayin jiharta ta asali, da ko ta fara shirin jarabawar da jami'ar ke yi da kanta kafin ta ɗauki ɗalibai. A nan yarinya ta sunkuyar da kai. Ita a tunaninta an gama wahala.

"To, Baban Jemimah, ga gaskiya," Malama Irene ta ce. "Makinta mai kyau ne, kada kowa ya rage mata shi. Amma kwas ɗin da take so, masu nema sun yi wa kujeru yawa ƙwarai, kuma da yawansu makinsu ya kai nata. Ba zan ce ta samu ba, ba zan ce ta rasa ba. Tana bakin ƙofa ne, jarabawar da ke gaba ita za ta tura ta ciki ko ta bar ta waje. Sannan ta zaɓi wani kwas na kusa da shi wanda ranta zai iya so, saboda ko-ta-kwana."

"Wato akwai hanya?" Ishaku ya tambaya.

"Akwai, in za ta zauna ta yi karatu. Ta riƙa zuwa gidana ranar Asabar, ina da wasu yara da nake yi wa bita."

Murna ta sa Ishaku ya juya zai yi godiya, ya manta injin yana kan Oga Wilfred. Sai ji aka yi ƙuuu! Inji ya share titi fetal daga ƙeya har tsakiyar kai. Oga Wilfred ya kalli madubi, ya kalli Ishaku.

"Wannan kuma hanyar Abuja ce ka buɗe mini?"

Tanko ya faɗo daga benci don dariya. Ba yadda aka iya, ƙwal-kwabo aka yi wa Oga, ya fita yana shafa kai yana cewa dama zafi ya dame shi.

Daga ranar gidan Ishaku ya canza. Ruth, uwar Jemimah, ta sauke mata wanke-wanke da zuwa kasuwa. Ƙannenta suka koyi kallon talabijin ba sauti. Ishaku da kansa yakan riƙe littafin tsofaffin tambayoyi yana karanto mata, yana kakkarya sunayen sinadarai har yarinya ta riƙe ciki, ta gyara masa, ta ba da amsa.

Ta je Zariya ta rubuta jarabawar, ta dawo ta ce ba laifi. Da aka saki rukunin farko na waɗanda aka ɗauka, babu sunanta. Ishaku ya yi kwanaki yana aski ba hira, abin da ya sa kwastomomi suka fara tambaya ko ba shi da lafiya. Jemimah ce ma ke ba shi haƙuri. Ta ce ta duba ɗaya kwas ɗin da kyau, kuma ba za ta ƙi shi ba.

Wata Lahadi bayan an tashi daga coci, suna tsaye a inuwar mangwaro ana gaishe-gaishe, Jemimah ta duba wayarta don sabo kawai. Ta yi ƙara, ta rungume uwarta har ɗankwalin Ruth ya faɗi. An ɗauke ta a rukuni na biyu, kuma a kwas ɗin da ta nema tun farko. Matan zumunta da ba su ma ji abin da ya faru ba suka fara guɗa, daga baya suka tambayi dalili.

Ishaku ya raka ta Zariya da katifa a naɗe da buhun garin rogo da Ruth ta dage sai an tafi da shi. A ƙofar ɗakin kwanan 'yan mata mai gadi ya ce iyakar maza ke nan. Ya tsaya yana jero mata nasiha, ta ce, "Baba, za ka rasa mota." Ta ɗauki buhun a ka, wata yarinya 'yar Makurɗi ta kama mata katifar, suka shige suna hira kamar sun daɗe da sanin juna.